Rijiyata da Randar Phebe

Litinin, 14 ga Oktoba, da hantsi

Yau ma na goge bango. Layin da ambaliya ta bari bai fita ba, yana nan daidai ƙirjina, a miƙe kamar an ja shi da rula. Gidan bai daina warin laka ba. Ƙafafuna sun kumbura, sai na ja kujera gindin bishiyar maina na zauna ina kallon mata suna ɗiban ruwa.

Suna da yawa yanzu. Tun da ruwa ya haɗe masai da rijiyoyin gida-gida, burtsatse biyu ne suka rage wa wannan ɓangare na Moduganari: nawa, da na maƙwabcina Ba Umara da ke jikin masallaci a layin baya. Ya Fanna, wadda ƙofarta ke kallon tawa, ita ce ta farko kullum. Ta ce, "Nda watu, ina kwana, Malam Othniel? Ba ka mutu ba?" Na ce sai na raka ta tukuna. Ta ce to in gyara zama, zan daɗe. Jikarta Ammatullahi ta buɗe baki ta nuna mini gurbin haƙorin da ya fita.

In sun watse, har agogon ɗaki nake ji.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan azahar

Na yi baƙi daga jami'a. Shugabarsu mace ce, Dakta Najiba, ba za ta kai ɗana Jonathan shekaru ba. Kafin ta ce komai na ɗebo mata ruwa a randar Phebe, don ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi da busasshen maƙogwaro. Ta shanye ta ce, "Baba, wannan randa ta fi firij." Na gaya mata marigayiya matata ce ta taho da ita daga Shaffa, kuma ambaliya ta ɗaga ta har bakin ƙofa ba ta fashe ba. Ban gaya mata fiyawata, ruwan leda, ne a ciki ba. Jonathan ya sa mai shago yana kawo mini, ni kuma ba na son ɗanɗanon leda, sai in juye a randa.

Ta tsuguna ta zana layi uku a ƙasa da tsinke. Ta ce ruwan da ke ƙarƙashin Maiduguri hawa uku ne, kamar bene da aka gina zuwa ƙasa, kuma tsakanin hawa da hawa akwai yumɓu mai kauri. Na sama ambaliya ta ɓata shi. Na tsakiya mai kyau ne, shi burtsatsena ke sha. Amma a unguwarmu na tsakiyan ya fara nuna alamar na sama. Wato hanya ta buɗe a wani wuri, kuma sau da yawa tsohon bututu ne ya yi tsatsa ya huje.

Bututuna an sa shi shekarar da aka haifi Jonathan. A lokacin ruwan da kansa yake tasowa, ba inji, da ɗuminsa, har Phebe ba ta hura wuta don wankan jariri.

Na tambaye ta yadda za su ga abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ta ce ba sa gani, kwamfuta suke koya wa. Suna ba ta awon rijiyoyi masu yawa na shekaru da shekaru, tun daga Konduga har Khaddamari, da yawan ruwan sama, da cikar kogin Ngadda, har ta gane da kanta yadda kowane hawa yake hali. Daga nan sai ta nuna inda take zaton ruwa na ratsawa. Na ce ashe ɗalibi ne. Ta yi dariya ta ce, "Ɗalibi ne, Baba. Sai dai bai taɓa ganin ruwa ba."

Sun buɗe murfin burtsatsen sun zura wani ƙarfe mai tsawon goyon masara, ɗaure da doguwar waya. Ɗaya bakin wayar yana cikin wani ƙaramin akwati da suka kafa a bango, shi ke aika musu da labari. Ƙarfen yana auna gishirin ruwa da ɗuminsa. In gishiri ya hau, ruwan sama na shigowa.

Na ce, in an gano bututun fa?

Ta ce, "Sai a cika shi da siminti." Tana kallon wayarta ta faɗa.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da safe

Akwatin yana da wata 'yar fitila kore. Ko ina na zauna a tsakar gida ina ganinta.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da la'asar

Ban je sujada ba, ƙafafu. Jonathan ya kira daga Jos, na yi wautar gaya masa. Ya ce, "To Baba, in sun rufe shi ke nan, ba ka da sauran hujja. Kullum ka ce mutane na ɗiban ruwa, ba za ka bar gida ba. Ɗakinka na nan a gyare."

Na san ɗakin. Na taɓa zama a ciki bayan rasuwar Phebe. Bene ne, da maigadi a bakin get. Da safe kowa ya fita, a bar mini abinci a kula da talabijin a kunne. Har na dawo ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa yana nemana.

Jonathan yaron kirki ne. Ba laifinsa ba ne.

Talata, 22 ga Oktoba, da hantsi

Dakta ta biyo. Ta nuna mini taswirar unguwa a wayarta. Tabo biyu: ɗaya ruwan ɗorawa a kan masallaci, ɗaya ja a kan gidana. Har rufin ɗakina na gane.

Ta ce, "Ba tabbas ba ne, Baba. Zato ne, amma zato mai hujja. Mu bar kwamfutar ta ƙara karatu." Ta ce a gaya wa mata su riƙa tafasa na sha. Na gaya musu. Ya Fanna ta ce, "Da wane itacen? Na kujerarka?"

Dakta za ta tafi wajen Konduga da Khaddamari, inda sauran na'urorinsu suke. Ba za ta dawo da wuri ba.

Ja. A makaranta da jan biro nake kashe amsar da ba daidai ba.

Laraba, 23 ga Oktoba, da azahar

Hannuwana na zafi. Wayar ƙarfen nan ta fi yadda na zata tsawo, sai da na huta a hanya, na ɗaure ta a ƙafar kujera na sha iska. Da tsakar rana ba mai zuwa.

Ban fasa komai ba. Ban yanke komai ba. An ce ƙarfen ya zauna cikin ruwa, kuma cikin ruwa yake, ruwa mai tsabta ma, na randar Phebe. Na mayar da faifai a bakin randar, na shimfiɗa buhu a kan wayar tun daga gindin burtsatse har gindin maina.

Shekaruna nawa a aji. Na san ɗalibi. Abin da ka nuna masa, shi zai maimaita maka.

Ruwana ba abin da yake da shi. Garau yake. Unguwar nan duka da shi aka yi girma.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da safe

Fitilar tana nan kore. Ba ta san komai ba.

Asabar, 26 ga Oktoba, da yamma

Ya Fanna ta taka buhun. Na kama hannun kujera. Ta ce, "Malam, me kake shanya a nan, ko tarkon ɓera ne?" Na ce laka nake rufewa. Ta ce laka ta bushe tun yaushe, tsufa dai ya fara taɓa ni. Na yi dariya tare da su.

Ammatullahi ta kafa kai a famfo ta sha, kamar yadda ta saba. Ban hana ta ba.

Talata, 29 ga Oktoba, da hantsi

An zo da jan fenti an yi wa burtsatsen Ba Umara alama, an sa kwaɗo. Ba Dakta ba ce, abokan aikinta ne da mutanen lafiya. Wai taswira ta sake: gidana ya koma fari fat, ja ya koma masallaci. Sun ce na ɗan lokaci ne, kafin a bincika.

Duk layin baya sun juyo wurina. Tun asuba jarkoki suka yi layi har titi. Ban taɓa ganin tsakar gidana haka ba, ko ranar sunan Jonathan. Wata ta kawo mini ƙosai. Wani tsoho da ban sani ba ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Wushe, Malam, Allah ya biya ka." Mata suna faɗa a kan layi, suna kirana in raba. Na raba.

Na ci ƙosan.

Laraba, 30 ga Oktoba, bayan la'asar

Ba Umara ya zo da butarsa. Tun muna da baƙin gashi muke maƙwabta, shi ya tsaya a kan masu haƙa kabarin Phebe ko da yake ba addininmu ɗaya ba. Ya zauna a kan benci ya ce, "Malam Othniel, ka ji wai rijiyata ce mai guba. Ni da na sa sabon bututu bara waccan! Yanzu mutane in sun gan ni sai su kau da kai. Wata ta ce da ruwana na kwantar mata da miji."

Na ce kwamfuta ma tana kuskure.

Ya ce, "To ta yi a kan wani mana." Sai ya miƙe ya nufi randar, wai zai jiƙa maƙogwaro. Ban san ina da sauran gudu a jikina ba. Na riga shi, na tsaya a gaba, na miƙa masa fiyawata a ledarsa. Ya dube ni, ya dubi ledar. Ya ce, "Yaushe ka zama ɗan birni?" Na ce randar na son wanki.

Ya cika butarsa a famfona ya tafi alwala.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da safe

Ya Fanna ba ta zo ba.

Juma'a, da la'asar

Surukarta ce ta zo da jarkokin. Ammatullahi ce ba lafiya. Tun jiya, ta sama ta ƙasa. Sun kai ta asibiti a keke napep, idanunta sun faɗa.

Yara na ciwo a ko'ina cikin garin nan tun bayan ambaliya. Kowa ya sani. Suna cin abu a titi, suna wasa a kwata. Ba a nan kaɗai take shan ruwa ba.

Ba a nan kaɗai ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da hantsi

Na ajiye fiyawata. Na ɗauki kofi na tara a famfo na sha, a gaban kowa, na ƙara. Ba wari, ba ɗanɗano. In akwai wani abu a ciki, to ya same ni ni ma.

Ɗumin nan da na sani kamar ya ragu. Ko bakina ne.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da azahar

Motar asibiti ta shigo layin baya. Ban tambayi gidan wa ba.

Fasto ya aiko a gaishe ni. Na ce a ce masa ina lafiya. Na durƙusa zan yi addu'a, na kasa fara ta, domin duk yadda na fara sai ta bi ta gindin maina.

Litinin, 4 ga Nuwamba, da safe

Na kashe injin burtsatse. Na sa sakata a ƙofa.

Sun yi ta bugu. "Malam! Malam, buɗe mana, rana na yi!" Na ce ta bayan ƙofa inji ya lalace. Wata ta ce ƙarya ne, ta ji ƙararsa jiya da yamma. Wata ta ce, "An rufe na masallaci, kai ma ka rufe, fitsari za mu sha?" Wata murya da na sani ta ce dama an gaya mata tsohon nan ba don Allah yake yi ba. Na zauna a ƙasa na jingina da ƙofar har suka gaji.

Daga baya na leƙa. Na ga yara da jarkoki sun nufi wajen kogi.

To wanne ya fi? Ubangiji, wanne ya fi?

Litinin, da azahar

Na gwada mayar da ƙarfen. Na cire shi daga randar, na ja jiki har gindin burtsatse. Murfin da na ɗaga da kaina kwanakin baya yau ya ƙi motsi. Yatsuna ba sa riƙe komai. Cikina na juyawa tun safe, ban sani ba ruwan ne ko tsoro. Na mayar da shi randar don kada ya bushe ya lalace a ce ni ne.

A ce ni ne.

Talata, 5 ga Nuwamba, da yamma

Lambar Dakta na jikin akwatin. Na danna, ya fara ƙara, na kashe. Na sake, na kashe.

In na faɗa, siminti. In ban faɗa ba, kogi. Jonathan ya kira, ban ɗauka ba.

Ba labarin yarinyar. Ƙofar Ya Fanna a rufe.

Laraba, 6 ga Nuwamba, da la'asar

Dakta ta zo. Ita kaɗai, ta bar direba a mota. Fuskarta ta yi baƙi da rana, takalmanta duk ƙurar hanya. Na buɗe mata, na ba ta kujera, muka gaisa. Ta tambayi ƙafafuna. Na tambayi Konduga.

Ta ce, "Baba, yau ba za a ba ni ruwa ba?"

Na kasa tashi.

Ta miƙe da kanta. Ba ta ko dubi buhun ba, ta tsallake shi, ta ɗaga faifan. Ta daɗe tana kallon ciki. Sannan ta naɗe hannun riga ta zaro ƙarfen, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunta.

Na jira ta yi faɗa. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Ta dawo ta zauna ta buɗe wayarta. Ta nuna mini wani layi mai tafiya a miƙe, sai daga wani wuri ya faɗo ƙasa ya fara hawa da sauka kamar haƙoran zarto. Ta ce, "Wannan ɗumin rijiyarka ne. Ka ga nan? Laraba, 23 ga Oktoba, da azahar. Daga ranar, rijiyarka ta fara jin sanyin asuba, ta fara jin zafin rana. Baba, ruwan tsakiya bai san dare da rana ba. Yadda yake da safe haka yake da yamma, haka yake da damina."

Na ce na sani. Kuma na sani ɗin. Ni na gaya mata Phebe ba ta hura wuta. Gishirin kaɗai na riƙe a kaina.

Ta ce kwamfutar ta karɓi gishirin da na ba ta, ta wanke gidana, ta kai zargi wurin Ba Umara, domin ruwan sama dai yana shiga ta wani wuri kuma shi ne mafi kusa. Amma ɗumin ta ƙi yarda da shi. Kullum sai ta ware rijiyata gefe, wai ba ta yi kama da 'yan'uwanta ba. Abokan aikinta sun ɗauka ma'aunin ɗumin ne ya lalace. Ita sai shekaranjiya ta sami zama ta duba, kuma da ta ga sanyin asuban nan, randar ta tuna.

Ta ce, "Ni ma da nawa. Da na duba da wuri."

Na ce, "'Yata, ruwan nan ne ya kwantar da yarinyar?"

Ta ce, "Ban sani ba, Baba. Ba zan ce maka shi ne ba, ba zan ce maka ba shi ba ne." Sannan ta ce, "Me ya sa ka yi haka?"

Na nuna mata tsakar gida. Ba kowa, sai jarka ɗaya da aka manta da takalmin yaro wari guda. Ta kalli wurin, ta kalle ni.

Ta kira direban suka ɗaga murfin, suka mayar da ƙarfen inda yake. Ta ɗebi ruwa a ƙananan kwalabe. Ta buga waya a kawo tankar ruwa unguwa kafin gari ya waye. A bakin ƙofa ta juyo ta ce dole ta rubuta abin da ya faru, amma Ba Umara bai kamata ya ji a takarda ba. "Ni zan gaya masa, ko kai?"

Na ce ni.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, bayan azahar

Na je wurin Ba Umara. Da sanda, ta zagaye, ina hutawa a jikin katangu. Ƙofar baya da ke fita layin masallaci ba a buɗe ta ba tun Phebe, ita ce mai bi ta nan zuwa kasuwa.

Na same shi a kan tabarma da mutane. Na so in ja shi gefe, sai na ga ai a gaban mutane aka shafa masa fenti. Na faɗi abin da na yi, a tsaye.

Wani saurayi ya yi tsaki, aka harare shi. Ba Umara ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Ranar nan da ka tare mini randa." Na ce eh. Ya ce, "Na zo gidanka ina kuka da abin da aka yi mini, ka ba ni ruwa a leda." Na ce eh.

Ya tashi ya kakkaɓe tabarmarsa ya naɗe, ya shiga gida. Ba wanda ya ce in zauna.

Asabar, 9 ga Nuwamba, da safe

Kwance. Ciwon ciki.

Litinin, 11 ga Nuwamba, da la'asar

Sun zura kyamara a bututun. Dakta ta kawo mini wayar har bakin gado in gani da idona. Duhu, tsatsa, sai ga wani rami kamar bakin kwalba, ruwa na tsiyaya ta ciki yana gangarawa ƙasa. Taswira ta koma yadda take tun farko. Ɗalibin ya ba da amsa daidai tun ranar farko, malamin ne ya goge.

An cire kwaɗon masallaci.

Na tambaye ta Ammatullahi. Ta ce ta ji ana ƙara mata ruwa, ta fara buɗe ido. Na motar asibitin nan fa? Ta ce ba ta sani ba. Ina jin ta sani.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da hantsi

Siminti. Ban fita ba. Na ji injin yana ta kwaɓawa, na ji lokacin da ƙarar ta sake, kamar maƙogwaro ya cika. Da suka tafi na leƙa. Dandamali ne fari, a shafe. Sun cire akwatin, saura ramukan ƙusa a bango.

Asabar, 16 ga Nuwamba, da yamma

Ba wanda ya buga ƙofa. Na bar ta a buɗe duk da haka.

Jonathan ya ce zai zo ƙarshen wata da mota, in fara haɗa kaya. Ban yi musu ba. Na tambaye shi ko randa za ta shiga but ɗin mota. Ya ce, "Baba, randa kuma? Akwai firij."

Na wanke ta, na kife. Mai shago ya kawo fiyawata, na bar shi a ledarsa.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, da azahar

An sallamo yarinyar. Na ga an sauke ta daga keke, a kafaɗar kakarta, ƙafafunta kamar sillen kara. Ya Fanna ta dubi ƙofata. Ina tsaye a ciki. Ba ta ɗaga hannu ba. Ni ma ban isa in ɗaga ba.

Duk unguwa ta ji. Na san ta ji.

Talata, 19 ga Nuwamba, da hantsi

Ina gindin maina sai ga Ya Fanna ta shigo, ba sallama, da jarka a kowane hannu. Na miƙe da ƙyar. Na shirya abin da zan ce mata tun ranar Lahadi, duk ya gudu.

Ta ce, "Ina makullin ƙofar baya?"

Na ce, Ya Fanna, ni ne na...

Ta ce, "Na san kai ne. Ba shi na tambaye ka ba. Gwiwoyina ba za su iya zagayen nan zuwa masallaci kullum ba, ga hanya a cikin gidanka tana barci. Ina makulli?"

Yana cikin gwangwanin zaren Phebe. Kwaɗon ya ci tsatsa, sai da ta ɗiga masa man gyaɗa ta buge shi da dutse. Ƙofar ta buɗe da kuka. Ta can gefe na hango Ba Umara tsaye a bakin famfonsa. Ya ga ƙofar, ya gan ni. Bai gaishe ni ba. Amma ya sa ƙafa ya ture wani bulo da ya tare hanyar.

Kafin rana ta take, matan layinmu duka sun gano. Suna shiga ta gaba su fita ta baya, su dawo da ruwa a ka, yana zuba a tsakar gidana. Wasu sun gaishe ni. Da yawa ba su gaishe ni ba. Wata ta ja ɗanta kusa da ita da za su wuce ni.

A zuwanta na ƙarshe Ya Fanna ta tsaya a gindin maina. Ta tayar da randar da na kife, ta gyara mata zama a gurbinta. Ta ɗaga jarka, sai ta dakata, ta leƙa ciki.

Ta ce, "Ba kowa a ciki ko? Kada in zuba a kan baƙonka."

Matan suka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta cika randar, ta mayar da faifai, ta ce gobe in buɗe da wuri, kada in sa ta tsayuwa.

Talata, da yamma

Jonathan ya kira yana tambayar kaya. Na ce ban haɗa ba, akwai ƙofa biyu da ake jira in buɗe da asuba. Ya ce, "Baba, wace ƙofa kuma?"

Ban san ko ta yafe ba. Ban tambaya ba, ina tsoron amsar. Na sha ruwan. Na Ba Umara ne, da sauran ɗuminsa.